Jan Gargaɗi a Kwamfutar Malam

Gidan Rumji, ranar Litinin

Zuwa ga Yayata Latifa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aikin buro, ofishin nan naku, yaya zafin Gazawa? Mu nan sai godiya. Ƙafafuna sun kumbura, amma ungozoma ta ce haka tsohon ciki yake.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba alhali ga waya. Tun da na shiga takaba ɗakina bai rabu da mutane ba, ina ɗaga waya kowa zai yi tsit ya baza kunne. Maganar nan kuwa ba ta kunnen dangin miji ba ce.

Kin san kwamfutar Malam, marigayi maigidana, wadda yake rubuta rahoton aikin gona da ita. Wayarsa ta farfashe a hatsarin hanyar Gidan Sori, ko layin ba a tsinta ba, na ɗauka duk abin da ke cikinta ya tafi tare da shi. Ashe duk abin da ya ɗauka da wayar yana hawa wata ma'ajiya a intanet. Ran nan na kunna kwamfutar don in ga sunansa kawai, sai ma'ajiyar ta buɗe da kanta, ba ta nemi kalmar sirri ba. Yaya, muryarsa ce maƙil! Ga wurin da yake yi wa manoma bayani, ga waƙar tsiya da ya yi wa tuwona na farko a gidan nan, har da wani bidiyo da yake hira da cikin nan yana kiransa baƙo. Idan Inna, mahaifiyarsa, ta yi barcin rana, sai in sa abin sauraro ƙarƙashin hijabi in yi ta ji.

To ga damuwata. Kwanan nan wani jan gargaɗi yake faɗowa tsakiyar allo, daga antibirus ɗin da ke ciki, mai gadin nan da ke tsare ta daga cuta. Ɗan Faransancina na lakol, bokon da na yi, ya isa in karanta: wai an gano wasu abubuwa masu bin sawu, sunansu kukis, ga kuma ƙaton maɓalli wai in danna a share su. Kullum yawansu ƙaruwa yake. In na rufe shi ya dawo, kamar mai tallar da aka ce masa ba a saye, har yana cewa in sayi babban wansa kafin lokaci ya ƙure. Tsorona kada wata cuta ce ta shiga tana cin muryar Malam. Hannuna ya sha kaiwa kan maɓallin ina janyewa.

Ke da kike wuni gaban irin wannan na'ura, ki gaya mini: in danna ko in bari? Ki ba direban amsa.

Ki gaida yara. Taki ƙanwa,
Lantana

Gidan Rumji, ranar Asabar

Yaya Latifa,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Takardarki ta iso, da kile ɗin da kika naɗe a ciki, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, don in kwafe abubuwan. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Na karanta ta tsaf. Ashe kukis ɗin nan ba cuta ba ce, ƴan alamomi ne da shafuka ke bari don su gane wanda ya taɓa zuwa, yawancinsu na masu talla. Kuma ɗaya daga cikinsu ne ya sa ma'ajiyar take gane kwamfutar Malam ta buɗe mini. Wato da na danna maɓallin nan ya share su gaba ɗaya, da ni da kaina na ja ƙofar na kulle, mabuɗin kuwa yana kabari. Na gode Allah da ya yi ni matsoraciya.

Kin ce mai gadin da kwamfutar ta zo da shi tun asali ya wadatar, in cire wannan mai ihun. Na gwada, sai ya tambaye ni ko ya yi shara kafin ya fita. Ban gane wace amsa ce mai lafiya ba, na bar shi yana ta ihunsa.

Ihun nan ne ya tona ni. Yaya Sabo, wan Malam, ya zo daga Agye duba Inna, yana tsaye bakin ƙofata muna gaisawa abin ya yi ƙara. Ya leƙo ya ga ja. Kin san malamin lakol, in ya ga ja a takarda ba ya barci sai ya gyara. Ya ce ɓarayin intanet ne, kuma kwamfutar tana cikin kayan gado, amanar maraya ce a wuyansa, ba zai zuba ido ta lalace ba. Yanzu ya tashi haiƙan neman antibirus na ƙwarai. Wani ya ce masa na kyauta ya isa, wani ya ce na kyauta shi ne ɓarawon, wani ya nuna masa na kasuwa da ake zuba wa mutum a tsaye. Shi ya ce sai ya bincika ya samo na asali daga Maradi.

Na roƙe shi ya bari sai na sauka. Ya ce kafin nan ai an cinye ta. Na buɗe baki in faɗi dalili, kunya ta hana ni. Ta yaya zan dubi wan mijina in ce ina ɓuya ina sauraron ƙaninsa yana mini waƙa? Kuma in Inna ta ji, shi ke nan. Rigar Malam da ta kama ni ina shinshinawa tana cikin akwatinta yanzu da kwaɗo, wai kukan yana taɓa cikin. Don ƙauna take yi, na sani, amma ranar kamar in yi ihu.

Saboda haka tsere nake yi da Yaya Sabo, shi bai ma sani ba. Bidiyon baƙo nake son kwafewa kafin komai, shi kuma nauyi gare shi. Rezo ɗin intanet na garin nan kin san shi. Sai ya ja ya ja ya kusa rabi, kuran ɗin lantarki ya ɗauke, ko Inna ta yi gyaran murya in rufe da sauri, a koma farko. Jiya har ya wuce rabi. Bayana yana ciwo tun safe, ban gaya wa kowa ba.

Ki sa ni a addu'a. Taki,
Lantana

Gidan Rumji, ranar Alhamis

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Kin ji a waya na sauka lafiya, mace, ga gashi ga dogon hanci irin na su Malam. Ina rubuto miki wannan ne don ki karanta kafin ki taso suna, saboda na san bakinki.

Ina asibiti Yaya Sabo ya dawo da antibirus ɗinsa. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya zaɓi mai kyau, ba ya ihu, ba ya talla. Ya zauna ya cire tsohon, ya sa sabon, ya yi shara tas. Da aka dawo da ni gida ya kawo mini kwamfutar da kansa, fuskarsa cike da murna, ya nuna mini allon ya zama kore. Ya ce wannan ce barkarsa ga ƴar ƙaninsa. Na yi masa godiya, har da addu'a.

Yana fita na buɗe. Ma'ajiyar ta nemi kalmar sirri. Na gwada sunana, na gwada na Inna, na gwada duk abin da na san yana so. Daga ƙarshe ta ce za ta aika lamba zuwa layinsa, layin da ke cikin yashin hanyar Gidan Sori. Na kifa kaina jikin jaririyar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Mata suka ce zafin haihuwa ne.

Bidiyon baƙo bai kwafu ba. Abu ɗaya na tarar a kile ɗinki, wani guntun sauti da na fara gwaji da shi ranar da ya iso, ban ma duba mene ne ba. Malam ne yake gwada bayanin da zai yi wa manoma kan adana wake: a shanya shi ya bushe ƙwarai, a matse iska, a ɗaure bakin buhu ciki da waje. Can sai ki ji muryata daga madafa ina cewa abinci zai huce. Ya yi dariyar nan tasa, ya ce in ajiye masa nasa, yana zuwa. Nan ya ƙare.

Jiya da hantsi na kunna wa yarinyar, ban sa abin sauraro ba, na gaji da ɓuya. Ashe Yaya Sabo yana tsakar gida. Sai ganinsa na yi a bakin ƙofa ya dafa bango, Inna a bayansa. Ba wanda ya ce in kashe. Da ya ƙare Inna ta ce a sake, aka sake. Yaya Sabo ya cire tabarau yana share ido da hannun riga, babban mutum, ya ce bai taɓa zaton zai ƙara jin muryar ƙaninsa Hayatu ba a duniya. Sannan ya tambaye ni ko akwai wasu.

Yaya, na dube shi, mutumin da ya yi wa ƴata huɗuba a kunne a madadin ubanta. Na ce masa wannan kaɗai Malam ya bari.

Don haka in kin zo, ki ci tuwon suna, ki yaba koren allon idan ya nuna miki, don zai nuna miki. Abin da ke cikin ma'ajiyar nan ni da ke kaɗai muka sani. Waƙar tuwon na haddace ta, abin da ya gaya wa baƙo ma na riƙe kusan duka, in ta girma zan faɗa mata da bakina.

Ki taho mini da wani kile ɗin, ina son sautin waken nan ya zauna wuri biyu.

Sai kin zo. Taki ƙanwa har kullum,
Lantana