Abin da Ke Ƙarƙashin Hannun Rigar Suk-fan

Unguwar Yau Ma Tei, Kowloon
Fabrairu, 1984

Zuwa ga uwargidana Suk-fan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kuma hannun yana ta sauƙi. Yaya Mama da ciwon gwiwarta? Yaya iskar tsibirin Cheung Chau? Nan gida lafiya lau, in ban da ni da kwana biyun nan nake cin shinkafa da haushi.

Fim ɗinku ya fita, gari kuwa ya ɗauka. Na je silima a hutun Sabuwar Shekararmu ta gargajiya, layin tikiti ya sha kwana har gaban mai gasa agwagwa. Da aka zo wurin da kike korar 'yan daba da gorar shanya, kina dukansu kina kwashe wankinki kada ya taɓa ƙasa, wani dattijo a gefena ya yi dariya har haƙoran robarsa suka faɗo cinyarsa. Na so in ce masa matata ce, na dai daure.

Sai jaridu suka fito. Wasu sun yaba, ɗaya ta ce shirme ne mai daɗi, wannan ban musa ba. Amma Pang Yiu-cho, abokin karatuna da muke shan shayi tare duk Lahadi tun kafin in san ki, ya rubuta a shafinsa na jarida cewa mace 'yar shekara arba'in da takwas ba ta tsallake tebur. Wai duk faɗan ƙarshen fim ɗin wani saurayi ne aka ɗora wa gashin kanti. Hujjarsa ita ce a farko hannun rigarki gajere ne, daga tsakiya ya koma dogo, wai don a rufe damatsan namiji. Wannan daga bakin mutumin da ko kwata ba ya tsallakewa sai ya dafa wani.

Ni na san abin da ke ƙarƙashin hannun rigar nan. Ranar da kika faɗi a wurin ɗaukar fim, ni na riƙe ki a wurin mai ɗori sa'ad da ya ja tsintsiyar hannun ya ɗaure ta da itace. Washegari kika koma aiki, kika ce sanyi kike ji, a ba ki doguwar riga. Ban manta ba kin ce kada kowa ya ji, domin a sana'arku wanda aka san ya taɓa karyewa ba a sake kiransa. Duk da haka ina roƙonki ki bar ni in ba shi amsa. Shafi ɗaya ya ishe ni.

Ki gaishe min da Mama. Ki riƙa shan romon da take dafa miki ko da ba daɗi.

Mijinki,
Szeto Man-hin


Yau Ma Tei
Maris, 1984

Uwargida Suk-fan,

Ina gaishe ki da kewa. Na ji daɗin jin cewa kin fara iya riƙe tsinken cin abinci da hannun. Yaya Mama?

Amsarki ta zo, kuma na karanta ta fiye da yadda nake karanta jarrabawar ɗalibaina. Kin ce a'a. Kin ce mai kamfanin, Mista Tang, zai ɗauki kashi na biyu bayan damina, ya kuma yi miki alkawarin ke za ki sake riƙe gorar. Kin ce su faɗi abin da suke so, muddin aikin yana hannunki.

Ke kina tsibiri, ba kya jin abin da nake ji. Maganar Pang ta haihu. Marubutan da suka yabe ki a watan jiya duk sun juya, kowa na cewa shi ma dama ya lura. Wata jarida ta zana ki da gashin baki. Shekaranjiya mai kifin kasuwarmu yana nannaɗe min kifi ya ce, “Malam Szeto, wai wacce ce taka a ciki, ta farkon fim ko ta ƙarshe?” Na biya shi na tafi, kifin ma ban ɗauka ba.

Ranar Lahadi na je gidan shayi. Pang na zaune a teburinmu, ya cika baki da wainar jatan lande. Na ce, “Yiu-cho, ka sha cin abinci a gidana, ka san matar nan.” Ya ce, “Man-hin, ni hoto nake kallo, ba matar aboki ba. Kai malamin waƙoƙi ne, duk abin da matarka ta faɗa maka waƙa ce.” Na ce ya iya bakinsa. Sai ya juya wajen sauran abokan teburin ya ce, “In ita ce, ta naɗe hannun rigar mu gani mana. Ko kai ma ba a taɓa nuna maka ba?” Tebur ya kwashe da dariya. Na miƙe ban zuba wa kowa shayi ba.

Suk-fan, ba zan ɓoye miki ba. Daga can gida na wuce, na zauna na rubuta komai: faɗuwar, mai ɗorin, itacen, doguwar rigar, da yadda kika tsallake teburin nan da karyayyen hannu kina murmushi. Na kai wa jaridarsu da ƙafata. Na san kin hana. Amma shekara talatin kina faɗuwa a kan siminti, ba zan zauna wani mai alƙalami ya kwashe su ya ba yaron da babu shi ba. Ke kin san duka, ni na san rubutu. Ki bar min wannan fagen, za ki gode min.

Naki har kullum,
Man-hin


Yau Ma Tei
Afrilu, 1984

Suk-fan,

Ina gaisuwa. Ina fatan ke da Mama kuna lafiya, ko da yake ba daga gare ki nake jin labarin ba.

Na yi nasara, tunda haka ake kiranta. Pang ya ba da haƙuri a shafinsa, kuma in faɗa miki gaskiya bai taɓa rubutu mai kyau kamar wannan ba. Ya kira ki jarumar da ta fi fim ɗinta ƙarfi. Waɗanda suka zana ki da gashin baki yanzu suna zana ki da hannu a ɗaure, kamar sojan da ya dawo daga yaƙi. An mayar da fim ɗin silima, mutane na zuwa don su gano inda hannun yake ciwo. Na sake shiga na kalla. Wurin gorar shanyar nan babu mai dariya yanzu, sai tsaki na tausayi. Ni na kashe dariyar da kika karye a kanta.

Mista Tang ya aiko da kwandon lemo, da wani ma'aikacinsa mai laushin murya. Ya ce kamfani na alfahari da ke, kuma saboda lafiyarki ba za su sake jefa ki cikin hatsari ba. Sun ba wata yarinya aikin. Na bi shi har ofis. Tang ya riƙe hannuna biyu ya ce, “Malam, ai kai ka buɗe mana ido. Da ba mu sani ba.” Ƙarya yake, ya sani sarai. Ashe kowa a wurin ya sani, sun yi shiru ne kamar yadda kika yi, don muddin ba a faɗa ba ana iya ci gaba da kiranki. Ni kaɗai ne, mai ɗaki cike da littattafai, ban gane ba.

Ina jin haushin Pang, ina jin haushin Tang, amma haushin nasu ba ya daɗewa, sai ya dawo gida ya same ni.

Ƙaninki ya zo jiya. Ya ce kin ce a haɗa miki babban akwatinki da takalman atisayenki da tufafinki na lokacin zafi duka, a ba shi ya kai miki. Na haɗa su. Amma ban ba shi ba. Ranar Lahadi zan hau jirgin ruwan safe in kawo miki da kaina. In kin ga dama ki karɓa daga bakin ƙofa ki rufe. Ba zan zo da bayani ba, na gama bayani.

Ki gaida Mama, in har tana amsa gaisuwata.

Mijinki,
Man-hin