Takina Ya Tafi Gonar Kawu

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ya Legas, ya maigida da yara? Mu a Kazaure lafiya lau.

Wata huɗu ina tara ɓawon gyaɗa, toka da kashin awaki a duro, ina yayyafa ruwa ina juyawa, saboda lambuna na bayan ɗaki. Ranar da na tafi suna Roni, Kawu Sale ya zo da jakinsa, ya kwashe takin tas, ya kai gonarsa. Da na yi magana sai ya ce, "Shara na rage miki, 'yar nan. Ko sannu babu?"

Haka na durƙusa na yi masa godiya.

Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a, don jiya na gan shi yana leƙa duro na biyu.

Ƙanwarki,
Saude