Tokar Baba Usur

Asabar, 4 ga Mayu

Yara huɗu. Na busa usur suka jeru, layin ko tsawon bencin shagona bai kai ba. Da, in 'yan sikawut suka jeru a filin makarantar nan, sai na daddage kafin na ƙarshe ya ji muryata. Mun maimaita ɗaurin igiya da ɗaurin karaya. Dogo yana ƙulli da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya. Ban yi masa faɗa ba, kar a wayi gari saura uku. 'Yar mai gadi, sabuwarmu, ta sake tambaya yaushe za a ɗaura mata ƙyallen wuya. Na ce sai an hura wuta.

Talata, 7 ga Mayu

Hedimasta ya aiko kirana. Ɗakinmu na sikawut za a mayar sito. "Kai tela ne, ka san in riga ta yi wa mutum yawa rage ta ake yi." Shi kaɗai ya yi dariyarsa. Wai in zo jibi in kwashe kayanmu.

Alhamis, 9 ga Mayu

Mai shara ya riga ni. Tanti, igiyoyi, tutar da asu ya ci, duk ya fito da su baranda ya jera tsaf, bawan Allah. Gwangwanin tokarmu ma yana nan, an wanke shi fes. Ba komai a ciki.

Tokar wutar farko ce, wadda Baba Usur ya hura ranar da ya kafa ƙungiyar, tun ban san dama da hagu ba. Duk fitar da muka yi daji, sai a barbaɗa ta cikin sabuwar wuta, da safe a ɗebo a cika gwangwanin. A gabanta kowane yaro yake ɗaukar alkawarin gaskiya da taimakon jama'a. Ranar da Baba ya miƙa min ita cewa ya yi duk wanda ya taɓa zama a bakin wutarmu yana cikin nan. Har da ƙanena, Allah ya ji ƙansa.

"Datti na gani, Malam, na zuba a kwata," in ji mai sharar.

Me zan ce masa? Na ce sannu da aiki. Na dawo shago na ɓata wandon mutane.

Asabar, 11 ga Mayu

Ban je ba. Na ce wa uwar yara kaina ke ciwo. Ta ce ciwon kan Asabar ne, ta san shi.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na je in gaya wa Baba da bakina. Yana kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye, usur ɗin rataye a ƙusa saman gadonsa. Bai gane ni ba. Sau biyu yana tambaya ko yara sun sha ruwa.

Inna, matarsa, ta ga fuskata ta rako ni bakin ƙofa. Na gaya mata. Ta yi ta dariya har da share hawaye.

"Haba ɗan nan! Tokar nan? Lokacin da gwangwanin ke gidan nan sau nawa na goge tukunya da ita? In ɗebo ta murhuna in mayar. Ai shi ma ya sani. Cewa ya yi kar dai yara su ji."

Ko sallamar kirki ban yi mata ba. Shekara da shekaru ina rungume da tokar girkin Inna, ina hana yara tari kusa da ita. Gwangwanin nan na riƙe na yi ta kuka bayan mun binne ƙanena. Raina ya ɓaci, kuma na rasa wanda zan yi wa fushin. Tsohon da ba ya gane ni?

Laraba, 15 ga Mayu

Shi ke nan. Ba ɗaki, ba yara, ba toka. Ran Asabar zan sallame su. Tantin zai yi rumfa a ƙofar shago.

Asabar, 18 ga Mayu

Uku suka zo, har shago suka biyo ni. Ba Dogo. Na buɗe baki zan faɗa, sai 'yar mai gadi ta sauke ɗaurin ƙirare daga kanta. Wai na ce sai an hura wuta.

Na ce to, su yi, ta ƙarshe ce. Bayan shago muka zagaya, muka haɗa da tarkacen yadi. Da ƙyar wutar ta kama. Hayaƙi ya sa maƙwabcina mai gyaran waya ya yi ta mita. 'Yar mai gadi ta ɗaga yatsu uku ta faɗi alkawarin, ta yi tuntuɓe a tsakiya, sauran biyun suka tuna mata. Na ɗaura mata ƙyallen.

Ban sallame su ba, ban sami fuska ba. Sai mako mai zuwa.

Tokar kuwa na kwashe ta ne don kar iska ta kai wa mai gyaran waya, kuma gwangwanin ne kawai a kusa. Na zo da shi gida na ɗora saman kabad, inda hannun uwar yara ba ya kaiwa.