Ranar da na shiga gaban keken doki

Kawu Sale,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya ƙafar Inna, yaya yara da mutanen gida? Mu nan Guangzhou sai godiya.

Kawu, kada ka sayar da dokinka Danda. Ka ce in keken yashi ya tsaya ba ya iya tayar da shi, to an samu dabara. Wani maƙeri a Xintang, nan kusa da mu, ya haɗa mini birki mai sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfe mai lotsawa ya dawo. In ka ja birkin, sifirin ya naɗe ya riƙe ƙarfin tafiyar, in ka saki ya tura keken gaba.

Ranar gwaji na ce a kawo doki. Maƙerin ya yi dariya ya ce, "Meyo," wato babu. Sai muka lafta wa keke dilolin wanduna, ni na shiga gaba a madadin doki. Jan farko kamar ƙirjina zai tsage. Da tafiya ta miƙa, na ja birki na tsaya. Da na saki, wallahi keken ne ya tunkuɗa ni. Alhamdulillahi!

Birkin yana tafe a jirgin ruwa. Kafin ya iso, don Allah a rage wa Danda lodi, na ɗanɗana aikinsa.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ɗanka,
Habibu