Fiffike Mai Yatsu

Kano, 3 ga Satumba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Inna da mutanen Kirikasamma baki ɗaya.

Ga ƙaramin jirgin nan mara matuƙi na ba Malam Yunusa direba ya kawo maka, tare da rimot da batir biyu. Shi ne aikina na kammala digiri, kuma shi na ce zai kore maka tsuntsayen janbaki daga shinkafa bana. Ka tuƙa shi yadda na koya maka da hutu, kada ka matsa masa kamar babur ɗinka.

Sati uku na yi ina zana fiffikensa a kwamfuta. Bayansa na yi masa ɗan doro, cikinsa a kwance, don iska ta ɗaga shi. Ƙarshen kuma na lanƙwasa shi sama, saboda a nan iska take murɗewa tana jan jirgi baya. Da wannan lanƙwasa zai yi minti arba'in a sama. Malamata, Dakta Najwa, ta yaba ƙwarai.

'Yarka,
Mairam

Kirikasamma, 10 ga Satumba

Mairam,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa ya ja baya kaɗan. Innarki tana gaishe ki.

Jirgi ya iso, kuma yana tashi lafiya lau. Mutanen gari sun sha kallo. Janbaki ma sun yi kallo. Ranar farko sun watse, rana ta biyu sun ɗan ɗaga suka dawo, ta uku ko kai ba su ɗago ba. Mun koma igiya da gwangwani da ihu, har muryata ta dishe. Shinkafa ta fitar da kai, ƙwayar tana da taushi, su kuwa suna kwana a cikin ciyawar kacala kusa da mu.

Shekara talatin ina gadin gona, ga abin da na sani. Janbaki in yana ci kansa a ƙasa yake, inuwa yake gani a kan ruwan fadama. Inuwar shaho tana da yatsu a ƙarshen fiffike. Taki sumul take kamar faranti, don haka ba su san ta ba.

Na tsinci mataccen shaho a ƙarƙashin wayar lantarki. Na shimfiɗa fiffikensa a kan takardar buhun siminti na bi shi da gawayi. Ga ta nan a ninke. Ki nuna wa kwamfutar taki.

Mahaifinki,
Zarami

Kano, 14 ga Satumba

Baba,

Ina gaisuwa. Takarda ta zo, har da warinta.

Na ɗauki hotonta na saka a kwamfuta, na bi layin gawayin ɗigo-ɗigo. Gashi shida ne a ƙarshen, kowanne da tasa karkatar, sai da na zana wa kowanne nasa doron. Shaho yana motsa nasa yadda iska ta zo, nawa kuwa na soso ne, a sandare suke. Da na gwada a manhajar, iska ta riƙa sarƙewa a tsakaninsu. Minti arba'in ya koma ashirin da biyar.

Dakta Najwa ta duba ta ce zanen ya yi kyau, amma taken aikina rage turjiyar iska ne, wannan kuwa ƙara ta yake yi. Saura kwana tara in kare aikin gaban malamai, kuma dole in kai fiffiken da na yanka a hannu. Injin yanka na makaranta layi ake bi, sau ɗaya ya rage mini. Da na yi niyyar yanka gyararren na farko, wanda zai kai minti arba'in da biyar.

Ban yanke shawara ba tukuna. Raina ba daɗi.

Mairam

Kirikasamma, 16 ga Satumba

Mairam,

Bayan gaisuwa. Ki yanka na makaranta. Shinkafa duk shekara ana shuka ta, digiri kuwa sau ɗaya ne. Janbaki sun riga ki zuwa duniya, ba kuma a kanki za su ƙare ba. Gefen kacala sun riga sun cinye shi, sauran muna fama.

Allah ya ba da sa'a.
Zarami

Kano, 19 ga Satumba

Baba,

Na ga wasiƙarka bayan na fito daga ɗakin injin. Ga fiffike biyu masu yatsu nan wurin Malam Yunusa, na ce kada ya ɗora musu buhu. Kusoshi huɗu ne, ka kwance tsoho ka ɗaura sabo. Ka tayar da jirgin rana tana bayansa, don inuwar ta riga shi isa.

Malamai zan nuna musu takardar simintin.

Mairam

Kirikasamma, 28 ga Satumba

Mairam,

Muna lafiya. Kwana takwas ke nan, da inuwar ta taɓa ruwa sai su tashi gaba ɗaya. Jiya wani shaho na gaske ya bi jirgin har bakin kogi, da ƙyar na sauko da shi. Asabar mai zuwa za mu fara yankan shinkafa. Innarki ta ce buhun farko naki ne.

Malam Yunusa ya ce kin kare aikin tun ranar Litinin. Ba ki faɗa mini makin da suka ba ki ba, ni ma ba zan tambaya ba.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki,
Zarami