Muryar Inna Munjiya a Cikin Wasanmu

Assalamu alaikum Malama Wasila,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin Juma'a. Na san ba a saba kawo miki irin wannan ba, kada ki yi mini dariya.

Shekaruna hamsin da uku, a birnin Safaƙus nake, aikina zanen taswirar gidaje. Shekara huɗu da suka wuce aka yi mini aiki a gwiwa, na yi wata uku a zaune, a nan na saba da wani wasan kwamfuta na gina gari. Wasan ya bar ƙofa a buɗe, duk mai iyawa yana ƙera masa ƙari ya raba wa jama'a kyauta. Ni ma na zana unguwarmu ta cikin ganuwa, lungu-lungu. Da na gama sai na ji garin tsit kamar maƙabarta. Sai na je wurin maƙwabciyarmu Inna Munjiya, wadda ke toya malsuƙa, wata wainar fulawa marar kauri, a bakin ƙofarta tun ina makarantar allo, na roƙe ta in ɗauki muryarta tana kiran masu saye, tana yi wa kyanwarta faɗa. Ta tambaye ni wa zai ji. Na ce mutane kaɗan ne, kuma ba a komai a ciki sai gini da ciniki. Ta ce, "To ɗauki, 'yar nan, amma ki cire inda na yi tari." Allah ya sani gaskiya na faɗa mata a lokacin.

Mu kusan arba'in ne a zaurenmu na intanet, daga nan har biranen Wahran da Iskandariyya, kowa da ɗan ƙarinsa: wani jiragen ruwa, wani gonakin zaitun, wani sojoji. Duk sanda kamfanin ya sabunta wasan sai ayyukanmu su lalace, kowa ya koma gyaran nasa shi kaɗai. Bara guda tara suka mutu haka, masu su sun gaji. Shi ne Hisham, mai sojojin, ya ce a narka duka a yi babban ƙari guda ɗaya, a riƙa gyaransa tare. Unguwata ce za ta zauna a tsakiyar taswirar. Sharaɗin shi ne doka ɗaya ta hau kan komai, wato ana iya kawo wa unguwar yaƙi, a ƙone ta, a kashe na ciki. Sun aiko mini da gwaji. Na ga Inna Munjiya tana kiran masu saye, wuta na cin rumfarta. Na rufe kwamfutar, na dafa shayin da ban iya sha ba.

Da na yi magana Hisham ya ce, "Haba Gwaggo, zane ne fa. In kowa ya ce kada a taɓa nasa, ai gidan tarihi za mu buɗe." Wata Nasrin ta ce wai ina son a haɗa kai, amma nawa kan a gefe. Ba mugaye ba ne, sau biyu suna gyara mini nawa. In na janye, tafiyar na iya wargajewa, unguwar kuma ta mutu a sabuntawa ta gaba, don ni ban iya wannan gyaran ba. In na yarda, na saɓa abin da na faɗa wa tsohuwa. Juma'a za a kaɗa ƙuri'a. Ban gaya mata komai ba, gaishe ta nake da sauri in wuce.

Taki,
Mai Zanen Lunguna

Wa alaikumus salam 'yar'uwata,

Ban yi dariya ba. Maganar amana ce, ko a ina aka ajiye ta.

Abokan aikinki suna da gaskiyarsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma aikin mutum tara da ya salwanta hujja ce babba. Ni da za a tambaye ni, haɗuwar ta fi alheri, ko da kowa zai rasa ɗan abin da yake so. Lungunan ke kika zana su, kina iya ba da su, in an ƙone su a wasa gobe a sake ginawa.

Amma muryar ba taki ba ce. Aro kika karɓa bisa sharaɗi, sharaɗin kuma ya canza. A nan Hisham ya yi kuskure, domin sojansa ba shi da ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, Inna Munjiya kuwa tana da ita. Ki rubuta wa zauren yau, cikin lalama, cewa kin ba da unguwar, muryar kuma sai mai ita ta amince. Ki nemi a sa wannan a dokar tafiyar saboda duk wani mai rai da aka ɗauki muryarsa ko kamanninsa. Ba gata kike nema ba, su ma zai kare su wata rana.

Sai abin da ba za ki so ji ba. Kin tambayi mutum arba'in, kin tambaye ni, kin tsallake wadda abin ya shafa. Kamar yadda ba ki da ikon ba da muryarta, haka ba ki da ikon hana ta a madadinta. Wataƙila ta ƙi. Wataƙila ta yi dariya ta ce ta ga wutar da ta fi wannan a kan murhunta. Ba ki sani ba, ni ma haka.

Ki ɗauki kwamfutar ki je gobe da hantsi, bayan ta sauke kasko. Ki nuna mata komai, har da wutar, ki gaya mata yanzu dubbai ne za su ji. Kada ki tafi da tsaraba, kada kuma ki shirya fuskarki yadda za ta karanta amsar da kike so. In ta ce a'a, ki cire muryar ki nemi wata da izini. In ta ce e, ki bar zuciyarki ta huta.

Allah ya sa albarka a aikinku, ya ƙara wa gwiwa lafiya. Ki gaishe mini da Inna, a zaune wannan karon.

Malama Wasila