Gyaran Gwamnati

Barnawa, daren Alhamis, Yuli 1987

Yau da safe aka karanta mana takarda a ofis, wai an rage harajin da ake cirewa daga albashinmu. Malam Bulus akawu har da tafi. Ya ce, "Madam, ke ba kya murna? Gwamnati ta tuna da mu!" Na ce, "Uhm, Malam Bulus, Allah ya sa alheri ne." Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Da na tashi daga aiki na kai Asabe asibitin unguwa, kwana uku ke nan zazzaɓi ya ƙi sakin yarinyar nan. Nas ta duba ta, ta ce, "Maman Asabe, ki yi haƙuri, ko sirinji ba mu da shi, sai dai ki je kemis." Asibitin da bara aka ba ni magani kyauta! Abin da na kashe a kemis ya ninka ragin da ake wa tafi.

A hanya Inna ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta. In muka je awo, mai hatsi ya cika mana gyara tun ba mu roƙa ba, sai ta ce, "Juya mudun nan in ga gindinsa." Sau tari an bubbuge shi ya lotsa ciki, don awon ya ragu.

Har yanzu jikin Asabe zafi rau. Gyara dai an ba mu da safe a ofis. Gindin mudun kuwa na gan shi da yamma a asibiti.